Yadda Ake Shirya Liyafar Tara wa Jami'a Kuɗi da Karrama Masu Taimakon Al'umma

Na taɓa zama cikin kwamitin wata liyafa da aka shirya domin gyara ɗakin karatun wata jami'a. Daren ya yi armashi. Zaure ya cika maƙil, mai gabatarwa yana ta shelar alkawura, ana tafi kamar ba za a daina ba. Bayan wata shida muka zauna da ma'aji ya buɗe mana littafi, sai ga shi abin da ya shiga asusu da ƙyar ya biya kuɗin zaure da abinci da ado. Da yawa daga cikin waɗanda suka miƙe suka yi alkawari, babu wanda ya rubuta ko lambar wayarsu. Rufin ɗakin karatun ya ci gaba da yoyo a kan littattafai, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Daga nan na fahimci cewa kuɗin liyafa ana samunsa ne a watannin da suka gabace ta da makonnin da suka biyo bayanta. Daren kansa na godiya ne da shaida a gaban jama'a. A kan wannan na gina duk abin da zan faɗa.

Ku fara da tambayar: me za a yi da kuɗin?

Kafin ku nemi zaure ko ku tsayar da rana, ku zauna da shugabannin jami'a ku fitar da manufa guda ɗaya, wadda za a iya faɗa a numfashi ɗaya. "Ciyar da jami'a gaba" ba ta isa manufa ba, don babu wanda zai iya zuwa bayan shekara ya duba ko an cika ta. Amma idan aka ce tallafin karatu ga ɗalibai 40 marasa galihu, ko kayan aiki ga ɗakin gwaje-gwaje na sashen haɗa magunguna, kowa ya san abin da zai sa kuɗinsa a kai, ya kuma san abin da zai tambaya daga baya.

A nan ne kuma za ku yanke shawara kan irin asusun. Akwai kuɗin da za a kashe nan take, akwai kuma na wakafi, wanda ake juya uwar kuɗin a riƙa cin ribar kaɗai. Wakafi ne ya riƙe Azhar ta Alƙahira ɗaruruwan shekaru, kuma manyan jami'o'in Amurka da irinsa suke rayuwa a yau, inda yawanci suke cire kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na asusun a kowace shekara. Ku yi lissafin da kanku: idan kuna son a riƙa biya wa ɗalibi ɗaya kuɗin makaranta har abada, sai kun tara ninki 20 zuwa 25 na kuɗin shekara guda. Kwamitoci da yawa suna shelar "tallafi na dindindin" ba su yi wannan lissafi ba, sai bayan shekara uku kuɗi ya ƙare, ɗalibai su tsaya a tsakiyar karatu.

Daga nan sai izini da asusu. Ku samu amincewar hukumar jami'a a rubuce. Kuɗi ya shiga asusun jami'a ko na gidauniyarta mai rajista, da masu sa hannu aƙalla biyu, kada ya bi ta asusun wani ɗan kwamiti ko da na kwana ɗaya ne, komai amincinsa. Ku kuma tambayi lauya ko akanta abin da dokar haraji ta ƙasarku ta ce, domin kowace ƙasa da nata tsarin. A Amurka, idan mutum ya biya fiye da dala 75 kuma ya samu wani abu a madadi, kamar abincin liyafa, dole a ba shi takardar da ke nuna ƙimar abin da ya samu, saboda ragowar kaɗai ake ɗauka a matsayin kyauta wajen rangwamen haraji. A Birtaniya, tsarin Gift Aid yana ƙara fam 1 a kan kowane fam 4 da mai biyan haraji ya bayar, amma kuɗin tikitin shiga taro ba ya cikin wannan.

Kwamiti kuwa kada ya yi yawa. Mutum bakwai zuwa goma sun isa, kowa da aikinsa sananne, kuma kowannensu ya fara ba da nasa gwargwadon ƙarfinsa. Wanda bai bayar ba, bakinsa zai yi nauyi idan ya je roƙon wani.

Aikin ɓoye, kafin a buga katin gayyata

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ba kanku wata shida zuwa tara, kuma rabin wannan lokaci zai tafi ne a ziyarce-ziyarce.

Ku ɗauki takarda ku tsara kyaututtukan da kuke buƙata daga sama zuwa ƙasa. A ƙa'idar masu sana'ar tara gudummawa, kyauta mafi girma guda ɗaya ya kamata ta ɗauke kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na abin da ake nema, wasu 'yan kaɗan a ƙarƙashinta su ɗauke wani babban kaso, sannan jama'a su cike ragowar. A gaban kowace babbar kyauta ku rubuta sunayen mutum uku ko huɗu da kuke kyautata wa zato, don ba duk wanda aka je wa ne zai amsa ba. Idan kun kasa cike layukan sama da sunaye na gaskiya, to burinku ya fi ƙarfinku. Ku rage shi tun yanzu, ya fi ku ji kunya a bainar jama'a.

Kowane babban mai bayarwa a je masa ƙafa da ƙafa, mutum biyu: wanda ya san shi, da wanda ya san aikin. A fara sauraronsa. Wani abin da ke ransa shi ne sashen da ya yi karatu, wani kuma mahaifiyarsa ce ba ta samu damar shiga aji ba, yana son a yi wani abu da sunanta. Bayan an ji, sai a faɗi adadin da ake fata ƙarara, a yi shiru a bar shi ya yi tunani. Wannan shirun yana da wuya, amma kada ku cike shi da ba da haƙuri ko rage adadi. Idan ya amince, a rubuta: nawa ne, yaushe zai biya, sau ɗaya ko kashi-kashi, kuma yana son a ambaci sunansa ko a'a.

A ra'ayina, kada ku tsayar da ranar liyafa sai kusan rabin abin da kuke nema ya tabbata a rubuce.

Wa za a karrama?

Nan ne mutuncin taron yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure.

Karrama mai kyauta tsohon abu ne a tarihin ilimi. John Harvard ya rasu a 1638 ya bar wa wata ƙaramar kwaleji rabin dukiyarsa da littattafai kusan 400, aka sa mata sunansa. Har yau idan aka ambaci Ƙarawiyyin, tsohon masallaci kuma cibiyar ilimi ta birnin Fas a Maroko, sai an ambaci Fatima al-Fihri, wadda tarihi ya ruwaito cewa ta gina masallacin a 859 da dukiyar da ta gada. Yabon gwani ya zama dole. Abin da ke ɓata shi shi ne a mayar da lambar yabo haja, a ce wa mutum a kaikaice: biya kuɗin teburi biyar na baƙin liyafa, ka hau dandamali. Jama'a suna ganewa, kuma daga ranar lambar ta faɗi a idonsu, har da ta waɗanda suka cancanta.

Saboda haka ku rubuta sharuɗɗa kafin ku ambaci sunan kowa, ku ba wani ƙaramin kwamiti na daban aikin zaɓe, wanda ba ruwansa da sayar da tebura. Ku taƙaita adadi. Mutum uku zuwa biyar sun isa dare guda. Idan suka kai ashirin, babu wanda aka karrama, layi kawai aka yi.

Ku raba karramawar gida biyu, ta masu ba da dukiya da ta masu ba da kansu: ma'aikaciyar jinya da ta shekara talatin a asibitin karkara, malamin da ke koyar da manya karatu da dare ba ya karɓar komai, ɗaliban da ke zuwa gidan yari suna koyar da sana'a. Ku zaunar da su a teburi ɗaya da masu hannu da shuni, lambarsu iri ɗaya, lokacinsu a kan dandamali daidai. Duk lokacin da aka zo wannan magana nakan tuna Oseola McCarty, wata mai wankau a jihar Misisifi ta Amurka, wadda ta bar makaranta tun tana aji shida. Ta yi shekaru da dama tana wanki da guga tana ajiye 'yan canji, sai a 1995 aka sanar ta ba Jami'ar Kudancin Misisifi dala 150,000 domin ɗalibai marasa hali. Labarinta ya sa wasu da dama suka ƙara nasu a kan nata, daga baya ma Harvard ta ba ta digirin girmamawa. Irin wannan mutum idan yana cikin zaure, shi ke buɗe zukata.

Sai bincike, wanda ba shi da daɗi amma ba makawa. Kafin a karɓi babbar kyauta ko a sa sunan mutum a gini, a san daga ina dukiyar ta fito. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan ta amince da alkawarin fam miliyan 1.5 daga gidauniyar Saif al-Islam Gaddafi, ɗan shugaban Libiya na lokacin, kuma a watan Maris na 2011 shugabanta Howard Davies ya ajiye aiki saboda alaƙar makarantar da Libiya. Jami'ar Tufts ta cire sunan iyalin Sackler daga gine-ginenta a 2019, Jami'ar Okasfod ta bi sahu a 2023, saboda rawar da kamfanin iyalin ya taka a bala'in OxyContin, maganin kashe zafin ciwo da ya jefa mutane da yawa cikin jarabar shan ƙwaya. Don haka a cikin yarjejeniyar sa suna, ku saka sharaɗin da ya ba jami'a ikon cire sunan idan wani abin kunya ya bayyana. Ku kuma bayyana a fili cewa kyauta ba ta sayen gurbin karatu ga ɗan kowa, ba ta kuma ba mai ita ikon zaɓar malamai.

A ƙarshe, ku nemi yardar mutum kafin ku buga sunansa. Akwai waɗanda ba sa so sam. Attajirin Amurka Chuck Feeney ya ba Jami'ar Cornell kusan dala biliyan 1 a tsawon rayuwarsa, kuma shekaru da yawa ya yi yana bayarwa a ɓoye. Ruth Gottesman, da ta ba Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein a New York dala biliyan 1 a Fabrairun 2024 domin karatu ya zama kyauta, ta nemi kada a canza wa makarantar suna zuwa nata. Idan kun haɗu da irin wannan, ku rufa masa asiri yadda ya nema. Kada mai gabatarwa ya riƙa zagaye-zagaye yana nuna teburinsa da ido.

Kasafi, rana da zaure

Wannan ɓangare ba ya buƙatar dogon bayani. Ku nemi kamfanoni ko ɗaiɗaikun da za su ɗauki nauyin zaure da abinci da na'urori, domin ku iya cewa baƙi duk abin da suka bayar zai tafi ga manufa kai tsaye. Idan abin da za ku kashe ya doshi rabin abin da kuke sa ran samu, ku rage ado. Ku kauce wa lokacin jarrabawa da manyan bukukuwa. Katin gayyata ya fita mako shida zuwa takwas kafin ranar, a bi shi da kiran waya. Zauren jami'a ya fi otal a wurina, ko da bai kai shi kyau ba, don baƙo zai ga wurin da kuɗinsa zai yi aiki. Ku duba hanyar keken guragu, wutar ko-ta-kwana, da bukatun baƙi wajen abinci. Kowane teburi a ba shi mai masauki guda, wanda ya san sunan duk wanda ke zaune.

Fasaha: a ba ta matsayinta

Haɗa liyafa da fasaha hanya ce da ta daɗe tana aiki. Bikin Met Gala na New York, da ake yi don tallafa wa sashen tufafi na gidan tarihin Metropolitan, ya fara ne a 1948 da tikitin dala 50. Amma jami'a tana da abin da gidan tarihi ba shi da shi, wato ɗalibai da malamai masu ƙirƙira a cikin gida.

Wata uku kafin ranar, ku je sassan zane, kiɗa, wasan kwaikwayo da adabi, ku gaya musu manufar, ku bar su su yi aiki a kanta. Idan ɗakin karatu ake son gyarawa, a samu ɗalibin ɗaukar hoto ya ɗauko shi yadda yake: bokitin da ke tare yoyo a tsakanin kantoci, ɗalibai uku sun sunkuya a kan littafi ɗaya. A rataye hotunan a hanyar shiga, kowane mai aiki ya tsaya kusa da nasa. Na ga wani dattijo ya tsaya minti goma a gaban zanen wata ɗaliba yana tambayarta yadda ta haɗa launin, kuma abin da ya rubuta a katin alkawarinsa daren nan ya ninka abin da muka yi zato.

Ga waɗanda za a karrama, maimakon allon gilashi da ake saya a kasuwa, a sa ɗalibi ya yi musu wani abu da hannunsa, ko a rubuta gajeriyar waƙa a kan aikinsu. Waƙar ta faɗi abin da mutumin ya yi, da wa ya amfana, ta bar zancen yawan dukiyarsa.

Ku biya masu fasaha, ko da ɗalibai ne. Ba daidai ba ne a tara kuɗi da sunan taimakon ɗalibai ta hanyar cin guminsu. Idan za a yi gwanjon zane, a yi yarjejeniya a rubuce kan kason mai zanen, a sa farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, kuma kayan gwanjon baki kada su wuce biyar ko shida. Sauran a ajiye musu takarda a gefe kowa ya rubuta tayinsa. A yi cikakken gwaji kwana ɗaya kafin taro, da makirufo da fitilun da za a yi amfani da su.

Daren kansa

Ku rubuta jadawali minti-minti, ku ba mutum ɗaya ikon tsayar da kowa, har da manya. Sa'a biyu da rabi zuwa uku sun wadatar. Jawabin maraba minti biyar. Kowane wanda za a karrama, a gabatar da shi cikin minti uku, ya amsa cikin minti uku, kuma a gaya masa haka tun a takardar gayyata. A tabbatar mai gabatarwa ya iya furta kowane suna da laƙabi daidai, ya yi bitarsu da baki kafin ranar.

Lokacin neman gudummawa ya zo bayan an ci abinci, kafin mutane su fara duba agogo. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye shi ƙarshe, bayan rabin kujeru sun zama wayam. Kafin roƙon, a samu mutum ɗaya da ya amfana ya yi magana. A nan ina roƙonku da babbar murya: kada ku tsayar da ɗalibi a gaban masu kuɗi ya riƙa tona talaucin gidansu har ya yi kuka. Ku bar shi ya zaɓi abin da zai faɗa, ya yi magana kan abin da yake karantawa da abin da yake son zama, kuma ya san yana da ikon cewa a'a ba tare da ya rasa tallafinsa ba.

Da ya sauka, sai shugaban kwamiti ya sanar da abin da aka riga aka samu a ziyarce-ziyarcen baya, ya faɗi abin da ya rage. Idan akwai wanda ya yarda zai ninka duk abin da aka tara a daren har zuwa wani adadi, nan ne wurin faɗa. A fara kira daga babban adadi, wanda kun riga kun san akwai mai amsa shi, a riƙa saukowa har zuwa abin da ƙaramin ma'aikaci zai iya. A kowane mazauni a ajiye kati da biro: suna, lambar waya, adadi, ranar biya, sa hannu, da wurin da mutum zai nuna idan ba ya son a ambace shi. Duk wanda ya yi alkawari da baki, nan take wani ya isa gare shi da kati. A tanadi hanyar biya ta waya ko ta katin banki a wurin. Mutum biyu su ƙirga abin da aka karɓa su sa hannu kafin su bar zaure, kuma idan za a sanar da jimla, a bambance abin da ya shigo hannu da abin da yake alkawari.

Washegari

Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Cikin kwana biyu kowane mai bayarwa ya samu godiya, manya ta kiran waya daga shugaban jami'a, sauran ta wasiƙa mai ɗauke da sunansu da abin da suka bayar. Rasit ya biyo baya cikin mako guda. A ba mutum ɗaya jerin alkawura, ya riƙa tuntuɓa cikin ladabi a ranar da kowa ya rubuta da hannunsa, yana kai wa kwamiti rahoto duk wata har a rufe littafin. Masu fasaha, masu ɗaukar nauyi da 'yan sa-kai su ma a gode musu a rubuce, a aika wa waɗanda aka karrama hotunansu.

Kwamiti ya zauna cikin mako biyu, tun ba a manta ba, ya rubuta abin da ya yi kyau da abin da ya ɓaci, da ainihin ribar bayan an cire duk abin da aka kashe.

Kada ku raina masu ƙaramar kyauta a wannan bibiya. Kyautar farko da attajirin Amurka Michael Bloomberg ya ba Jami'ar Johns Hopkins, shekara ɗaya bayan ya gama karatu, dala 5 ce. A 2018 ya ba ta dala biliyan 1.8 domin tallafin ɗalibai. Don haka duk sunan da ya shiga kati a adana shi da kyau, kuma kada a ba wani bayanansa ba da izininsa ba.

Bayan wata shida, sannan bayan shekara, a aika wa kowa rahoto na shafi ɗaya ko biyu: nawa aka karɓa, nawa aka kashe, a kan me, da sa hannun mai binciken kuɗi. Idan an samu jinkiri a faɗi dalili. Idan gini ne ko gyara, a gayyace su su zo su gani da idonsu da rana, ba tare da an roƙe su komai ba. Sai wannan rahoto ya isa hannunsu ne za ku tsayar da ranar liyafa ta gaba.